Ɗorawa Uku a Gonar Maharazu

Kwarin Maje, ta Sandamu
6 ga Janairu

Asalamu alaikum mutanen Kaduna baki ɗaya, manya da ƙanana, masu mota da masu bin mota da kallo, lauyoyi da waɗanda lauyoyi suka tatse, kowa ya gyara zama ga takarda daga Ya'u dillalin awaki, mutumin da in ya shiga kasuwar Mai'adua har bunsuru sai ya rusuna. Gaisuwa ta musamman ga ƙanwar matata Barista Amatullah, yarinyar da na goya a keke na kai firamare yanzu wai ita ce mai baƙar riga.

Muna lafiya alhamdulilahi. Yayarki Shatu tana gaisheki, ƙafarta tayi sauƙi, saidai kwanan nan bata da yawan magana. Wayata ta faɗa a kwatarnin ruwan awaki shiyasa na rubuto ta hannun Nu'uman direba. Karki duba rubutun, aji uku na tsaya amma kaina yafi na wasu masu digiri.

To barista raina a ɓace yake. Kinsan ɗorawa ukun nan na Shatu da suke tsaye cikin gonar Maharazu, waɗanda marigayiya Innarku ta bata ranar aurenmu. Kinsan sanda kawunku ya saida gonar wa uban Maharazu a gaban dattawa akace ƙasa kawai aka saya banda ɗorawa. Shekara ashirin da shida Shatu tana kaɗe abinta tana daddawa babu wanda yace uffan. To da damina sanda ta tafi Kance jinyar gwaggonku, wannan ɗan rainin hankali ya hau ya sassare rassa wai inuwa tana kashe mishi gero. Gero! Geron da ko akuyata bazata kalla ba. Nace mishi Maharazu kasan da wa kake? Yace da dillalin awaki. A gaban mutane fa, a teburin Musaddiq mai shayi. Washegari na saka babbar rigata na makashi a kotu.

Wallahi barista inda kinga yadda nayi magana rannan da kin ajiye aikin kin dawo koyo wurina. Kotu tayi tsit. Amma kinsan duniya, tsofaffin da na kira shaida suka ƙi zuwa, Maharazu ya rantse, aka kori ƙarar. Yanzu yana yawo da takarda a aljihu yana nunawa kowa wai shari'a ta ƙare ɗorawa ta zama tashi, harma naji ance yana magana da masu injin yanka katako.

Tambayata ɗaya ce. Shatu tace zata kai ƙara da kanta. Maharazu yace babu hali, miji da mata abu ɗaya ne, wanda ya kada miji ya kada mata. Haka dokarku tace? Ki bani amsa da sauri kuma a taƙaice banason turanci.

Sannan ki haɗo min da hula zanna bukar lamba ashirin da uku, tawa ta koɗe a zaman kotu saboda ku.

Naku mai daraja
Ya'u

*

Kaduna
11 ga Janairu

Yaya Ya'u,

Wa alaikumus salam. Mutanen Kaduna ba su samu zuwa ba, ni kaɗai na karanta. Ina lafiya. A gaida Yaya Shatu, a ce mata ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Na karanta takardarka sau uku, kowane karatu raina ya ƙara ɓaci. Wata biyar ke nan da yin wannan shari'a, sai yau nake ji? Kana da lauya a cikin dangi, ka tsallake ta ka sa babbar riga? Da daddawar itatuwan nan Yaya Shatu ta saya mini takalmin makaranta da fom ɗin jarrabawa. Ba awakinka ba ne da za ka ja su kasuwa ka gwada baki.

Akwai abin da ka rufe. Baba Amadu da Malam Suhaibu suna wurin ranar da aka ce ban da ɗorawa. Ba mutanen da za su ƙi shaida a kan gaskiya ba ne. Me ka ce su je su shaida da har suka ƙi?

Miji da mata ba abu ɗaya ba ne a wajen dukiya, ko a Musulunci ko a boko. Amma ba zan ce maka e ko a'a ba sai ka amsa mini waɗannan, kuma ban da kwalliya. Da alƙali ya tambaye ka itatuwan na wane ne, me ka ce? Yaya Shatu ta wakilta ka? Ta ma san kana kotu? Ka je wurin magatakardan kotu ka karɓo kwafin hukuncin, ka ba Nu'uman.

Babu hula.

Amatullah

*

Kwarin Maje
19 ga Janairu

Barista salamu alaikum, ke kaɗai wannan karon tunda kin kori sauran. Muna lafiya, ni dai banda ciwon kai da takardarki ta samin.

Haba Amatu. Ni zaki tsare da tambayoyi kaman ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa? Ni da na tsaya wa gidanku sanda babu namiji ko ɗaya da ya motsa? Ina kawunnanku suke? Ina ke kike, kina can kina shan iskar fanka. Ni na taka a ƙasa har kotu sau huɗu ranar kasuwa guda biyu na rasa.

To ga amsa tunda kin matsa. Alƙali yace naka ne ko na wani, nace nawa ne. Eh nace nawa ne! Me kikeso ince? Maharazu yana tsaye yana murmushi, rabin majalisarmu sun cika benci, in buɗe baki ince na matata ne nazo yi mata dako? Gobe in shiga kasuwa da wace fuska? Harma na ƙara da cewa ƙasar da ke ƙarƙashinsu taku goma kowane gefe nawa ne, wannan kam zafin magana ne ya kwasheni. Shine Baba Amadu yace shi bazai je ya faɗi abinda bai sani ba da furfurarshi. Tsoho da taurin kai. Shi kuma Maharazu aka bashi rantsuwa ya rantse cewa Ya'u bashi da ko tsinke a gonar. Kinga wayo, bai ce Shatu ba, Ya'u yace.

Shatu bata sani ba. Tana Kance, nace bari in gama in tarbeta da albishir. Bayan ta dawo a bakin rijiya taji wurin mata, ta shigo ta ajiye tulu ta kalleni kawai. Gara ta zageni wallahi.

Sai abu ɗaya ƙarami wanda bashi da wani muhimmanci. Bayan an kori ƙarar mutane sunata min dariya a wurin shayi, sai nace ai ni dama ba shari'ata bace, Shatu ce ta turoni, wakilinta ne ni, kuma ita ta rikita min bayani kinsan mata. Magana ce ta majalisa wadda ake sha da shayi a manta. To ashe Maharazu ya riƙe, wai yanada mutum biyar da sukaji.

Ga kwafin hukuncin nan, ki lura da shafi na biyu inda magatakarda ya rubuta jawabina, ya rage da yawa amma zakiga ƙarfin.

Ya'u wanda ba'a gode mishi

*

Kaduna
24 ga Janairu

Malam Ya'u,

Salam. Ina fata kuna lafiya. Ni ban yi barcin kirki ba tun da Nu'uman ya miƙo mini ambulan ɗinka.

Abin da ka kira ƙarami shi ne duk maganar. Ka nutsu ka karanta wannan a hankali, har ƙarshe.

Hukuncin da aka yi a kanka yake. Sunanka ne a takarda, kai ka ce naka ne, kotu ta ce ba naka ba ne, kuma kotu ta yi daidai. Babu inda aka ce na Maharazu ne. Yaya Shatu ba ta cikin shari'ar, kuma ba daga hannunka ta samu itatuwan ba, daga hannun Inna ta samu. Saboda haka ƙofarta a buɗe take.

Amma in Maharazu ya tabbatar wa kotu cewa ita ta tura ka, ko tana sane ta zauna tana kallo kana yi mata shari'a, to zai ce an riga an saurare ta ta bakinka, ba za a sake ba. Kuma kai da bakinka ka ba shi shaidu biyar a kan kofin shayi.

Mutum ɗaya ne zai iya warware wannan. Kai. Za ka tsaya a kotun nan, gaban mutanen nan, ka ce ƙarya ka yi da ka ce naka ne, ka sake yin wata da ka ce ita ta aike ka. Alƙali zai yi maka faɗa, wataƙila fiye da faɗa. Za a yi dariya. Ka sha.

Ga takarda ta biyu a ciki, ta Yaya Shatu ce. Na rubuta mata abin da za ta faɗa, da yadda za ta roƙi kotu ta hana a taɓa itatuwan kafin a gama. Ka karanta mata yau, ku shigar da ƙara gobe. Kada ka faɗa wa kowa kafin nan, musamman a wurin shayi. Ina da shari'u a nan har ƙarshen wata mai zuwa, ba zan iya tahowa ba, kuma ba ta buƙatata in ka yi abin da na ce.

Amatullah

*

Kaduna
27 ga Fabrairu

Ya'u,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya, an gan ka a Kongolam kana cinikin tunkiya.

Kwana talatin da huɗu. Sau uku ina zuwa tasha, Nu'uman yana ce mini ka ce amsa tana tafe. Jiya Malama Zaituna maƙwabciyarku ta samu lambata ta kira ni. An sare babbar. Ta tsakiya, wadda Inna take shimfiɗa tabarma a gindinta tana fasa kalwa. An sare ta da furenta ja a kai. Zaituna ta ce Yaya Shatu ta ji ƙarar inji daga gida, ta fita ba takalmi da ciwon ƙafarta, ta iske ta a ƙasa.

Kuma ta ce Yaya Shatu ba ta san na rubuto mata komai ba. Ta zaci na yi banza da ita. Wata guda 'yar'uwata tana zaton na ci daddawarta na yi karatu na manta da ita, takardata tana aljihunka.

Bai ishe ka ba, sai da ka je wurin shayi ka ce Barista ta ce ƙofa a buɗe take, Maharazu ya shirya kuka. Layi ɗaya ka ɗauka a takardata, wanda ya yi maka daɗi. Shi ya sa ya yi sauri ya kira masu inji. Kai ka nuna musu hanya.

Na aika wa Zaituna wata takardar, ita za ta karanta wa Yaya Shatu, ita za ta raka ta kotu ranar Litinin. Ba zan ƙara bi ta hannunka ba. Saura biyu. In ka ga dama ka je ka faɗi gaskiya, in ka ga dama ka zauna ka tsare fuskarka ta kasuwa. Amma in aka rufe mata ƙofa saboda bakinka, kada ka sake rubuta sunana a takarda.

Amatullah

*

Kwarin Maje
15 ga Afirilu

Asalamu alaikum barista, da duk wanda yake kusa dake ya matso yaji, banda masu dariya.

Muna lafiya. Shatu ƙafar ta tashi tun ranar da tayi gudun nan amma tana takawa. Na rubuta sunanki a takarda kuma ki karanta kafin ki yaga.

Da farko raina ya ɓaci da kika bi ta hannun Zaituna. Ni da gidana ace wata ta shigo tana karantawa matata takarda ina tsakar gida kaman baƙo. Kuma kin kirani Ya'u gatsau babu ko yaya, na ajiye wannan zamuyi maganarshi wata rana. Amma maganar aljihu gaskiya ne. Kullum da safe sai ince yau zan karanta mata, in ciro in kai wurin da kikace za'ayi dariya ka sha, sai in mayar. Ban zaci zai sare da fure ba. Wa yake sare ɗorawa da fure Amatu? Ko mahaukaci yana jira ta zuba. Ranan ina Kongolam, na dawo na bi ta gonar naga wurin fili fayau rana tana dukan kututture, jajayen furen nan a ƙasa awaki sunata ci. Ban shiga gida ba sai bayan isha.

To ranar zaman kotu Shatu ta fito da lulluɓinta ita da Zaituna suka hau mashin, bata ce min taho ba bata ce min zauna ba. Na tsaya ƙofar gida har ƙurarsu ta kwanta. Sai na shiga na saka riga, ba babbar ba, na bisu.

Kotu ta cika maƙil harda masu leƙe ta taga. Maharazu ya fito da takardarshi ta sha ninki har ta kusa rabewa, yace ranka ya daɗe an gama wannan magana tun damina, mijinta ne yazo a madadinta ga shaiduna. Musaddiq mai shayi ya tashi, mutumin da shekara goma nake sha a wurinshi, yace shi da kunnenshi yaji nace Shatu ce ta turoni. Bai yi ƙarya ba amma ai ana kawar da kai. Alƙali ya juya wurin Shatu yace kin turashi? Tace ranka ya daɗe ina Kance ina wanke gwaggona, ko aiken gishiri ban mishi ba. Yace kinada mai shaidar haka? Bata waigo ba barista. Tasan ina baya amma bata waigo ba.

Sai naji ƙafata ta miƙe da kanta. Nace ranka ya daɗe gani. Yace kai ne Ya'u na rannan mai taku goma? Kotu ta kwashe da dariya tun ban fara ba. Nace nine. Yace a nan kace naka ne, a wurin shayi kace aikoka akayi, wacce ce gaskiya? Nace ranka ya daɗe babu ko ɗaya. Itace na Shatu ne uwarta ta bata, ni ko ganyen ban mallaka ba, kuma bata aikeni ba bata sani ba, kunya ce tasa na laƙa mata. Wani ta taga yace dillali ya saida kanshi da araha. Na gane muryar, zamu haɗu ranar kasuwa.

Alƙali ya wankeni tas. Yace in tsaya a tsaye har a tashi, na tsaya, awa biyu da wani abu. Yace darajar furfurar da ta fara fito min ce tasa bazai wuce haka ba. Sannan yace wa Maharazu takardarka ta Ya'u ce, ka riƙeta da kyau duk ranar da Ya'u ya dawo neman ɗorawa ka nuna mishi, amma wannan baiwar Allah ba'a taɓa jin bakinta ba kuma yau za'aji. Ya hana a kai ko lauje kusa da biyun. Inda kinga fuskar Maharazu kaman an kwance mishi akuya a kasuwa.

Zama na biyu Baba Amadu yazo da sandarshi, Malam Suhaibu aka ɗaukoshi a amalanke. Tsofaffin da sukace min ƙafarsu bata zuwa kotu! Suka faɗi maganar banda ɗorawa kalma kalma harda wanda ya kawo goro rannan. Aka tabbatar wa Shatu biyun, akace katakon babbar ma nata ne a kawo mata. To an kawo. Yana jingine a zaure guda goma sha ɗaya, wani kafinta yazo tayawa ta koreshi. Tace a nan zasu zauna. Ta nan nake fita ta nan nake shiga, kullum sai na wuce su.

Yanzu a kasuwa sunana Babu Ko Ɗaya. In nace akuyar nan haihuwarta biyu sai ace wacce ce gaskiya Ya'u. Ciniki ya ja baya amma zai dawo, ni ne fa. Na daina shan shayin Musaddiq, dama ruwa ne.

Biyun sun zuba bana sosai an kaɗe jiya, tsakar gida duk ta zama ɗorawa. Shatu tana min magana yanzu, ga tuwo, ɗauke ƙafarka, irin wannan. Da la'asar na zauna kusa da ita tana ware kalwa nace Shatu bani guda goma in shuka a gonata ta bayan gari, in sun girma naki ne zan faɗa a gaban Baba Amadu. Tace shekara nawa kake zato babbar tayi? Nace ban sani ba. Tace kakan Inna ya taras da ita. Ta ja kwaryar ta mayar ɗaya gefen. Ko ƙwara ɗaya.

Naje kasuwar Sandamu in saya, ashe duk masu kalwa ƙawayenta ne, kowacce na tsaya sai ta rufe buhu tace an saye. Mata sun haɗe min kai barista, ƙasar Daura gaba ɗaya babu mai saida min kalwa.

Saboda haka ki shiga kasuwa nan Kaduna inda ba'a sanni ba ki auno min kalwa rabin mudu, ɗanya wadda ba'a dafa ba, ki duba masu ƙiba. Ki ƙulle a baƙar leda ki rubuta magani a jiki kar Nu'uman ya sani, bakinshi yafi nawa. Ki aiko kafin ruwan farko, na riga na haƙa ramukan.

Yayanki ko kinƙi ko kinso
Ya'u